Fasinjar Gidan Gaba

To, samari, tunda inuwa ta dawo wajenmu kuma babu motar da ta shigo, ku matso. Na ji abin da kuke faɗa ɗazu kuna ƙyaƙyata dariya, wai gyaran esi, na'urar sanyaya mota, ai ba aiki ba ne, a ɗaura tiyo, a buɗe tukunyar gas, shi ke nan an gama. Kai, Allah ya shirye ku! Ni Garba, da duk Dutse ba a san ni da wani suna ba sai Mai Sanyi, furfurar nan da kuke gani a ƙarƙashin dashbod ta fito min, amma har gobe in mota ta shigo sai na tsaya na saurare ta kafin in taɓa sifana. Kuma in kun tambaye ni aikin da ya fi zauna min a rai, ba na sanyi ba ne ma. Zafi aka zo nema a wajena.

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi ce. Ku lokacin kuna makaranta, ba ku san yadda ta kaya da mu ba. Kowa ya gano cewa esi tana shan mai, sai kowa ya kashe ta ya zuge gilashi. Manyan ma'aikata da a da ba ka ganin fuskarsu sai ta bayan baƙin gilashi, sai ga su a titin Takur gwiwar hannu a waje, hula a kan cinya, suna shan iskar Allah kamar kowa. Gejina mai agogo biyu, ja da shuɗi, na rataye shi a jikin darbejiyar nan har gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin tiyoyinsa. Ana cikin haka ɗari ya sauko, lokacin da ko a shekarar arziki ba mu da aiki. Sai in zo da safe in share rumfa, in zauna a kan benci ina kallon duwatsun can da bishiyoyin dabino, rana tana hawa kansu a hankali. Wani lokaci ban san ko barci nake ko ido biyu ba, sai in ji kamar kwamfiresa ta kama da ɗan ƙaranta, ƙas, in ɗaga kai, in tarar akuya ce ta taka gwangwani.

A irin wannan zaman ne wata safiya wata tsohuwar motar haya mai dogon baya ta shigo, 'yar Kwatano, irin wadda ta ga jiya ta ga yau. Direban ya fito, dogo siriri, ya naɗe wuya da rawani. Na san fuskarsa a tasha, Malam Iliya ne, mai jigilar Jahun zuwa Dutse. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya sake komawa kan iyali. Na ce a raina, wannan da magana a bakinsa.

Can ya ce, "Mai Sanyi, an ce motocin nan suna da wani abu da yake hura zafi a ciki."

Na ce, "Hita? Suna da ita."

"To ita nake so ka tayar min."

Baba Ɗanjuma mai lagireto, wanda rumfarsa ke jikin tawa, ya fashe da dariya har goro ya sarƙe shi. Ya ce, "A Jigawa? Haba direba, ka jira bazara mana, Allah zai ba ka zafi kyauta har sai ka roƙi sauƙi."

Malam Iliya bai yi dariya ba. Ya dubi ƙasa, ya ce, "Akwai wata fasinja da nake ɗaukowa kullum a lodin farko. Sanyi ba ya yi mata daɗi." Ya miƙo min makulli, ya ce zai koma tasha ya ari motar wani ya yi yinin, ya juya ya tafi.

Mai shayin da ke bakin gareji, mutumin wajen Jahun ne shi ma, shi ya warware mana. Ya ce, "Kun san wace ce fasinjar? 'Yarsa ce ta fari." Daga nan na gane. Ku yaran birni kun fara mantawa, amma a ƙauyukanmu har yanzu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama kusa da shi, ba ya nuna damuwarsa a kansa a gaban mutane, ko da ciki na ci masa wuta. Kunya ce, kuma haka muka taso muka gani. Mai shayi ya ce yarinyar tana da sikila, kuma karatu take a wata makarantar gaba da sakandare a nan Dutse. Uwarta ba ta yarda ta kwana a hannun kowa ba, domin in ciwon ya tashi ita kaɗai ta san yadda take yi da ita, shi ya sa uban yake ɗauko ta kullum a gidan gaba. In ɗari ya shigo kuwa, duk bargon da aka lulluɓa mata, kafin su kai Kiyawa iskar da ke shigowa ta ko'ina ta kama mata yatsu da ƙafafu, ƙashi ya fara sara. Bara haka ta rasa jarrabawar ƙarshe tana kwance a asibiti. An yi mata alfarma ta sake zama bana, kuma an gaya mata daga wannan babu wata. Jarrabawar ta matso, ɗari kuma kullum ƙaruwa yake. Baba Ɗanjuma ya tofar da goronsa.

Na buɗe bonet, ban ɗauki ko sukundireba ba. Haka maigidana Alhaji Tanimu, Allah ya jiƙansa, ya koya min a Kano. Farkon zuwana wajensa bai bar ni na taɓa geji ba, sai ya tayar da mota ya ce in rufe ido in bi bututu da tafin hannu, in gaya masa inda ya yi zafi, inda ya yi sanyi, inda ya yi gumi. In na yi kuskure ya ɗan ja min kunne ya ce, "Garba, geji yana ƙarya, hannu ba ya yi." Shi ya fara gaya min cewa babu wanda yake ƙera sanyi. Zafin da ke cikin mota ake kwashewa a kai shi gaba a zubar, gas ɗin nan ɗan dako ne kawai. Kuma gas ba ya ƙarewa, guduwa yake yi, in ka ƙara ba ka nemo ƙofar da ya bi ba, ka zuba ruwa a kwando ke nan. Shi ya sa nake ce muku a fara da fis, a duba fanka, a saurari kwamfiresa ko tana kamawa, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa a jira, sannan a waiwayi tukunya. Ita kuwa hita, ya nuna min sau ɗaya tak, a gurguje, kamar yadda ake nuna wa yaro kabarin wani da bai sani ba. Ya ce wani ƙaramin lagireto ne a ɓoye a bayan dashbod, ruwan inji mai zafi yana bi ta cikinsa, fanka ta hura, ɗumi ya shigo.

Hannuna ya bi tiyon ruwa zuwa bangon da ya raba inji da mazaunin mutane, sai na tarar da abin da na zata. An cire tiyoyin hita guda biyu an haɗa su da juna da guntun bututun famfo, ruwa yana zuwa bakin ƙofa ya juya. Ba laifin wani mutum ɗaya ba ne, haka ake yi wa duk motar da ta shigo ƙasar nan, da ta fara ɗiga ko ma ba ta fara ba. Wa yake buƙatar zafi? Bakunan hitar biyu suna nan a buɗe, kuma zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a cikin ɗaya. Na tsaya ina kallon ginin nan, an yi shi tsaf, har da 'yar ƙofa. Na ce masa ya yi haƙuri, mai gida ya dawo.

Da wani aikin ne, da na wanke ta daga waje na mayar da tiyo na ce a gwada. Amma ƙaramin lagireton nan yana zaune ne daidai saman ƙafafun wanda ke gidan gaba. In ya fashe a hanya, tafasasshen ruwa a kan ƙafar wa zai zuba? Don haka na ce sai an sauke dashbod gaba ɗaya. Ku da kuke ganin aikin banza ne, ranar da kuka sauke dashbod ɗin tsohuwar mota, robar da rana ta gasa ta shekara da shekaru, da ka matsa kaɗan ta ce ƙaras, ranar za ku san kuna da ƙashin baya. Kowace ƙusa na cire sai na jera ta a kan buhu daidai da inda ta fito, domin ƙusoshin dashbod 'yan uwa ne amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so a sana'ar nan, kuma ban cika faɗa ba don kada a ce tsufa ya fara taɓa ni. In ka sauke dashbod ka kwanta rigingine a ƙasan mota, kai a wajen feda, duniya tana yin nisa. Bugun fanal bita, mai gyaran jikin mota, sai ka ji shi kamar daga wani gari. A cikin akwatin fanka na tarar da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara, wannan namu ne. A ƙarƙashinsa kuwa akwai busasshen ganye, wasu masu yatsu kamar tafin hannu, wasu sirara kamar allura, ganyen bishiyoyin da ba su taɓa tsirowa a ƙasar nan ba. Na ɗauki ɗaya na ɗaga shi a haske, ya rududduge a hannuna. Sai na kwanta ina tunanin motar nan tana sabuwa, a wata ƙasa da ban san sunanta ba, ƙanƙara ta rufe titi fari fat, wani mutum ya fito da asuba yana hura hannu, ya murɗa wannan maɓallin da yanzu babu wanda ya san amfaninsa, ɗumi ya taso ya same shi. Ashe motar ta san aikin nan tun kafin ta san mu. Mu ne muka ɗaure mata baki.

Kuma da gaske an ɗaure. Akwai wata 'yar ƙofa a cikin akwatin iska, ita take zaɓar ko iska ta bi ta wajen sanyi ko ta wajen zafi. Wani ya ɗaure ta da wayar ƙarfe a ɓangaren sanyi, ya murɗa da filaya sosai don kada ta kuskura ta motsa. Igiyar da ke jan ta daga maɓalli ta tsinke tuntuni. Na je wajen mai gyaran babur na samo wayar kuloci, na auna, na yanke, ta zauna kamar don ita aka yi ta.

Na zaro ƙaramin lagireton na kai wa Baba Ɗanjuma. Ya juya shi a hannu yana gunaguni, ya ce tsohon yayi ne, na tagulla, irin wanda ake iya yi wa magani. Muka ɗura masa ruwan zafi da buta, ja-ja ya fito kamar kunun kanwa, muka yi ta ɗurawa har ya koma fari. Muka toshe baki ɗaya, mai faci ya ba mu iska ta ɗayan, muka nutsa shi a baho. Muka zuba ido. Can sai ga kumfa 'yar mitsitsiya tana tasowa daga kusurwa, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Baba ya ce, "Ga ɓarauniyar nan." Ya hura wutarsa ya ɗiga dalma, hannunsa ko rawa bai yi ba duk da shekarunsa.

Da na mayar da komai na tayar da inji da rana tsaka, ɗumi ya fito, har mai shayi ya zo ya sa hannu ya ce, "Ikon Allah!" Malam Iliya ya zo da la'asar, ya sa nasa hannun, fuskarsa ta saki kaɗan. Na ce masa, "Malam, kada ka ɗauko fasinjar tukuna. Aikin sanyi da rana ake gwada shi, aikin zafi kuwa sai da asuba, a kan titi. Gobe ka zo da sauran fasinja, ka riƙa sa hannu a bakin iskar, ka gaya min gaskiya."

Washegari ya shigo da hantsi, tun kafin ya yi magana na ga amsar, labarin zuciya ai a tambayi fuska. Ya ce, "A tasha da ɗumi. Da muka hau titi muka miƙa, sai ya fara ja da baya. Kafin Kiyawa iska ce kawai." Sannan ya ce, "Jarrabawar makon gobe ce, in ji su."

Na tambaye shi inda allurar zafin inji take tsayawa a hanya. Ya ce da alfahari ai motarsa ba ta taɓa ɗaga allura, kullum tana kwance a ƙasa. Nan na kama bakin zaren. Ku saurara da kyau, domin wannan ba a tukunyar gas yake ba. A bakin inji akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin, tamostat, mai gadin ƙofa ne. In inji da sanyi sai ya rufe ruwa a ciki har ya yi zafi, sannan ya buɗe ya bar shi ya je babban lagireto. A ƙasar nan da mota ta iso, abu na farko da ake yi shi ne a cire shi a jefar, wai na ƙasar ƙanƙara ne. Na biyu kuma a kai wa mai rewaya ya haɗa fanka kai tsaye, da an murɗa makulli tana juyawa har a kashe. Na kwance mazaunin tamostat ɗin, wayam, babu kowa. To injin da ba shi da mai gadi, ga fanka ba ta hutawa, ga iskar asuba tana dukan lagireto a guje, ina zai samu zafin da zai ba wani? Shi kansa rawar ɗari yake.

A ina za a samu tamostat a garin da kowa jefar da shi yake? Na zaga masu kayan gyara, wani ma bai san sunansa ba. Na dawo na zauna, sai na ga Baba Ɗanjuma ya shiga can ƙuryar rumfarsa yana janyo wani babban gwangwanin madara. Ya juye shi a gabana. Tamostat ne fal, manya da ƙanana, duk waɗanda ya cire tun yana saurayi. Ya ce, "Ban san dalilin da ya sa nake tara su ba. Jikokina suna wasa da su." Na tsince waɗanda suka yi daidai da bakin injin, na nufi mai shayi don in gwada su a tafasasshen ruwa. Ya ce wallahi ba a cikin butarsa ba, yana da mutunci a garin nan. Muka ɗora gwangwani a gefen wutarsa, muka zura su da zare, manyan mutane uku mun sunkuya muna kallon ruwa yana tafasa. Na farko ko gezau. Na biyu ya buɗe rabi ya tsaya. Na uku kuwa, da ruwa ya fara motsi, sai ya buɗe baki a hankali kamar jariri zai yi hamma, da muka tsamo shi ya huce ya rufe abinsa. Duk shekarun da ya yi a gwangwani bai manta ba.

Nan gardama ta tashi. Baba Ɗanjuma, shi da ya ba ni da hannunsa, shi ya fara cewa, "Garba, ka dai yi tunani. In abin nan ya maƙale a rufe cikin bazara, inji ya tafasa, gasket ya ƙone, da me bawan Allahn nan zai ci da iyalinsa?" Direbobin da suka ji labari suka taru, kowa da irin tasa, wani ya ce ƙanensa haka aka kashe masa inji. Ban ce ƙarya suke ba, domin tsohon tamostat yana iya maƙalewa. Na gaya wa Malam Iliya komai a gabansu. Na ce zan wanke babban lagireto, zan mayar da fanka kan na'urarta ta riƙa tashi in zafi ya kai, allura za ta hau tsakiya ta zauna, kada ya tsorata, nan ne gidanta. Amma dole idonsa ya riƙa kai wa gare ta, in ta wuce tsakiya ya tsaya nan take. Na ce motarsa ce, abincinsa ne, shi zai yanke.

Ya daɗe yana kallon ɗan ƙarfen nan a tafin hannuna. Wani direba ya ce, "Malam Iliya, saboda fasinja ɗaya?"

Bai ko dube shi ba. Ya ce, "Saka, Mai Sanyi."

Na saka. Saura abu ɗaya, wanda yawancin masu gaggawa a nan suke faɗuwa. In an buɗe hanyar ruwa iska tana shiga, kuma iska tana son wuri mai tudu, sai ta je ta zauna a ƙaramin lagireton ta hana ruwa wucewa. Na ce ya ja motar muka hau gangaren dutsen can, muka tsayar da ita hanci sama, na buɗe murfin ruwa, inji yana aiki a hankali. Muka zauna a kan dutse, garin yana ƙasanmu, shirwa tana shawagi. Motar tana ta ɗan gurnani a ciki kamar cikin mai azumi, kumfa tana fitowa, ina ƙara ruwa. Da gurnanin ya ɗauke na kama tiyoyin hita biyu, duka sun yi zafin da ba ka iya riƙewa. Fanka ta tashi da kanta, ta yi ɗan aikinta, ta kwanta. Malam Iliya ya zabura ya ce ta mutu. Na ce ba ta mutu ba, hutawa take, yau ta fara sanin daɗinsa.

Gwajin washegari ya yi kyau. Malam Iliya ya aiko ɗan saƙo ta bakin mai shayi cewa har Dutse da ɗumi, wani fasinja ma ya cire hula yana fifita yana tambaya ko gidan burodi aka shigo da shi. Daga nan ban sake ganinsa ba, na ci gaba da zamana a benci, ina lissafin ranar a zuci.

Ranar da za a fara jarrabawar na fito da wuri, ɗari ya yi tsanani har ruwan buta yana cizon hannu. Ina cikin shara sai ga motar ta shigo gareji a hankali, kamar mai tafiya a kan ƙwai, gilasai a rufe, babu kowa a baya. Na ce shi ke nan, wani abu ya lalace. Malam Iliya ya fito, bai kashe inji ba, ya tura ƙofa da hannu biyu har ta kama ba tare da ƙara ba. Ya zo kusa da ni ya juya wa motar baya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Na zo ka duba min ruwa."

Na leƙa. A gidan gaba wata budurwa ce siririya cikin hijabi, littafi a buɗe a cinya, bargo ya zame ya tattaru a ƙafafunta. Kanta ya jingina da gilashi, hannayenta biyu a sake a kan littafin. Barci take, barci mai nauyi. Ashe tun a hanya ya ɗauke ta, fasinjoji suka sauka a tasha a hankali ba wanda ya buga ƙofa, lokacin shiga aji kuma da saura. Shi kuwa ya rasa inda zai tsaya da inji a kunne ba a tambaye shi dalili ba, sai gareji.

Fanal bita ya ɗaga guduma zai fara aikin safe, Baba Ɗanjuma ya ɗaga masa hannu, ya nuna motar da haɓa. Ya sauke gudumar. Mai faci da zai tayar da injin iskarsa ya fasa. Mai shayi ya rage rediyo har ta mutu. Tunda nake a garejin nan ban taɓa jin sa shiru da safe ba sai ranar, ba abin da kake ji sai numfashin injin nan da kukan kurciya a kan darbejiya. A shekarar da kowa yake kashe mota a gangara don ya tsira da ɗigon mai, ga direban haya ya bar inji yana ci a tsaye, kuma ba wanda ya ce masa uffan. Ni dai idona ya cika, ba zan ɓoye muku ba, sai na buɗe bonet na sunkuya kamar ina duba ruwan.

Malam Iliya yana tsaye yana kallon duwatsu. Jim kaɗan ya ce, "Har yanzu?"

Na leƙa, na ce, "Har yanzu."

Ya ce, "A wannan lokacin, a mota, ban taɓa gani ba."

Rana ta ɗan ɗaga, inuwar rumfa ta ja baya. Na ce masa, "Malam, lokaci fa."

Ya gyaɗa kai, amma bai motsa ba. Ya ce, "Tashe ta."

Na ce, "Wa zan ce?"

Ya buɗe baki, na ga sunan ya zo har leɓensa, ya tsaya a nan. Ya gyara rawaninsa, ya haɗiye, ya ce, "Ka ce mata an iso."

Na ƙwanƙwasa gilashi da ɗan yatsa. Ta buɗe ido a hankali, ta dube ni ba ta san ni ba, ta dubi gareji. Sai ta ɗaga hannayenta tana kallonsu, ta dunƙule yatsu, ta buɗe, ta sake dunƙulewa, kamar tana neman wani abu da ta saba tararwa a cikinsu ba ta same shi ba. Ta zuge gilashi kaɗan, ɗumi ya fito ya bugi fuskata. Ta hango bayan ubanta, ta ce, "Baba, har mun wuce Kiyawa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Tun ɗazu."